Kafin Alƙalamin Kawu Ila

Mutumin farko da ya cuce ni a Amurka ɗan ƙasarmu ne, kuma da cikakkiyar sallama ya fara. Tun ina gida muka haɗu a waya. Ya ce yana da ɗaki kusa da jami'ar da zan yi digirina na biyu, in tura kuɗin haya ya riƙe min kafin wani ya riga ni. Muryarsa mai sanyi, ba ya rufe magana sai da in sha Allahu. Na tura. Ranar da na sauka na bi adireshin ina jan akwati, sai ga ni a gaban wurin wankin motoci. Na yi ta kiran lambarsa har cajin wayata ya ƙare. Ga ni tsaye a bakin titi cikin shadda mai aiki, sanyi yana shiga ta ƙafar wando yana fita ta wuya, ni da na zo karatun injiniyan lantarki amma ban iya gane ɓarawo a waya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, kuɗin ba daga sama suka faɗo ba. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kunci, inda gona take manne da gona, ba ka samun taki ɗaya da ba shi da mai shi. Mahaifina manomi ne kuma dillalin shanu. Da gurbin karatu ya fito, shanun huɗarsa ya kora kasuwa da hannunsa, shi da ya saba sayar da na mutane. Inna ta haɗa da awakinta. Ba su ce min komai ba sai addu'a, amma na sani, duk garin ma ya sani, cewa daga wannan daminar da garmar hannu Baba zai riƙa huɗa. Don haka zamana a ƙasar nan ba nawa ba ne ni kaɗai. In na zauna na samu aiki, shanu sun dawo. In aka koro ni, sun tafi a banza.

Wani mai goge motoci a wurin, baƙar fata mai jajayen idanu don gajiya, shi ya lura da ni. Ya dubi hulata ya tambaya ko ni Musulmi ne. Ya ajiye tsummansa ya raka ni har kwanar da ake hango masallaci, ya juya ya koma bakin aikinsa. Har yau ban san sunansa ba.

Masallacin tsohon shago ne aka shimfiɗa masa darduma. Bayan la'asar ina zaune a lungu rungume da akwati, sai na ji an ce a kaina, da Hausa tsantsa, "Kai, wannan hular ai ɗinkin gida ce. Ɗan wane gari ne?"

Dattijo ne dogo, siriri, mai furfura a gemu, yana magana yana tari. Na ce Kunci.

"Allahu Akbar! Ni ɗan bayan Shanono ne. Ɗan gidan wa?"

Na faɗi sunan Baba da sana'arsa, na ce ni ne Sabi'u. Na fara ba shi labarin ɗakin da na biya, sai ya katse ni.

"Bar shi haka, na ji irinsa," ya ce. "Ɗan dillali ne kai? To tashi. Ubanka ya sha saukar baƙi, yau ga ɗansa ya zama baƙo."

Wanda bai tashi a gidan dillali ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. A wajenmu dillali ba mai haɗa ciniki ba ne kawai. Bafatake ya koro shanu daga nesa, gidan dillali yake sauka, ya ci ya sha ya kwana, dillali ya tsaya masa a kasuwa. In saniya ta fito ta sata ce, wuyan dillali ake kamawa. Na tashi ina ganin baƙi a zaurenmu kowace jajiberin kasuwa. Ban taɓa tunanin yadda baƙon yake ji ba sai ranar da dattijon nan ya ɗauki akwatina ya jefa a bayan tasinsa.

Iliyasu ne sunansa, na riƙa ce masa Kawu Ila. Ya fitar da tsofaffin tayoyi daga wani ɗan ɗaki ya shimfiɗa min katifa. Tuwon masara yake tuƙa mana, kukar miya kuwa aunawa yake kamar magani don samunta wuya. In muka zauna cin abinci sai tambaya: yaya ruwa bara, nawa ake sayar da tiyar gero, har yanzu ana shuka gyaɗa a tsakanin dawa? Tun kafin a haife ni ya shigo ƙasar da bizar ziyara. Bizar ta mutu, shi ya zauna. Bai taɓa komawa gida ba, domin irinsa in ya fita ba ya sake shigowa. Iyayensa sun rasu yana bakin sitiyari. Ya rayu ne ta hanyar rashin jawo ido: ba ya gudu a titi, ba ya musu da fasinja, ba ya shiga ofishin da ba dole. Sau ɗaya ya gaya min wannan, bai sake ba.

Zangon makaranta ba zan daɗe a kansa ba. Na wanke tukwane a kicin ɗin jami'a har fatar hannuna ta saɓule. Na yi Sallah a aji, malami yana rubutu a allo ni ina tuna ƙamshin waina a tsakar gidanmu. Akwai watannin da ba wanda ya kira sunana daidai sai Kawu. In na kira gida Inna takan ce gero ya kai gwiwa, ko ya fara bununi, sai in kashe wayar. Kewar gida ciwo ce ta gaske, a ƙirji take zama. Amma na gama, kuma na gama da kyau.

Bayan karatu ana ba ɗalibi izinin aiki na ɗan lokaci, kuma izinin a ɗaure yake da aikin. In ka rasa aiki ka kasa samun wani cikin ɗan lokacin da aka yanka maka, sai ka tattara. Na samu wuri a wani kamfanin da ke ƙera motocin lantarki, masu tafiya da batir, ba mai ba hayaƙi. Suka ce in fara a shagonsu na nuna motoci. In na cika shekara lafiya za su mayar da ni sashen batir, su nema min takardar zama mai tsawo. Ranar da na gaya wa Kawu, sai da ya sayo kaza.

Shagon na gilashi ne a cikin wata katafariyar kasuwar zamani. Manajarmu wata mata ce mai suna Doris, mai gajeren gashi da saurin magana. Ranar farko ta tsayar da ni a gaban motar ta ce, "Ka nuna musu komai, ka buɗe musu ko'ina. Amma kada ka faɗi farashi, kada ka ba kowa makulli ya ɗana. Kuɗi kuwa, ko sisi kada ya taɓa hannunka."

Na ɗauka wasa take. Ashe doka ce. A jihar akwai tsohuwar dokar da ta hana kamfanin da ya ƙera mota ya sayar wa mutum kai tsaye, sai ta hannun dillalai masu lasisi. An ce da farko an yi ta ne don kada manyan kamfanoni su murƙushe ƙananan 'yan kasuwa. To ƙananan sun girma, sun zama masu manyan filaye da tutoci, kuma 'yan majalisa suna jin maganarsu. Kamfaninmu shi kuma ya ƙi dillalai fafur. Saboda haka shagonmu a takarda ba shago ba ne, wurin kallo ne. Wanda mota ta burge shi sai ya koma gida ya saya ta intanet, ya haye gada zuwa jihar da ke tsallaken kogi ya karɓo abarsa. Wani abin takaicin, gwamnatin jihar da kanta tana cewa tana son iska mai tsabta, har tana mayar wa mai sayen motar lantarki wani kaso na kuɗinsa, amma sai in a hannun dillalin cikin jihar ya saya. Mai sayen tamu ba ya ganin ko ƙwandala.

Na yi ƙoƙarin bayyana wa Baba aikina a waya.

"To me kake yi a wurin?" ya ce.

"Tsayawa nake kusa da mota, Baba."

"In an taya fa?"

"Ba a tayi. Ko farashi ba na faɗa, dokar dillalai ta hana."

Ina jin kukan zabi a bayansa. "Dillalan can suna da ƙarfi haka? Su suke saukar baƙo su ciyar da shi?"

"A'a."

"To Allah ya kyauta. Kai dai ka riƙe aikinka da kyau."

Na riƙe. Na wuni ina murmushi ina buɗe ƙofa ina rufewa. Mutum ya ce nawa, in nuna masa kwamfuta kamar kurma. Ɗan dillali, jikan dillali, an hana shi buɗe baki a kasuwa. Amma watanni suna tafiya, shekara tana matsowa, na fara leƙa farashin shanu a zuciyata.

A lokacin tasin Kawu ta tsufa tuɓus. Hayaƙi yana shigowa ta ƙasa, shi ke ƙara masa tarin. Matasan direbobi duk sun koma ta lantarki, ba sa sayen mai, fasinja ma su suke zaɓa. Ya daɗe yana tari, na kuɗi da na ƙirji, sai ya ce in raka shi wajen dillalai. Suka tarbe mu da shayi da haƙora a waje. Farashin da ke jikin gilashi daban, wanda ya fito a takarda daban, an ƙara kuɗin kaza da kuɗin kaza. Muna nuna ta lantarki suna jan mu wajen mai shan mai, domin ita ce ke dawo musu juyen baƙin mai da gyara. Da aka zo maganar rangwamen gwamnati kuma sai ga tambayoyin da Kawu ba ya son a yi masa. Ya miƙe ya gyara hularsa muka fito.

"Waɗannan ba dillalai ba ne," ya ce a mota. "'Yan tare hanya ne masu ofis. Su riƙe rangwamensu. A hannunka zan saya, Sabi'u, ka samu la'adarka."

"Kawu, ba ni da la'ada. Ba na sayarwa. Na sha gaya maka, doka ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Mutum ya wuni tsaye a kan haja a ce ba ya sayarwa? To kuɗin me ake biyansa? Kara kake min, na gane. Kunyar cin la'adata kake."

"Wallahi ba kara ba ce. Bari mu zauna a gida mu yi ta kwamfuta."

"Ni in sayi mota a wajen akwati? Da wa zan tafa?"

Na bar maganar, na ce a raina gobe ma rana ce, zan shawo kansa a hankali.

A watannin nan rigimar ta yi zafi. An kai ƙudiri gaban majalisar jiha don a sassauta dokar, dillalai kuma sun tashi haiƙan su kashe shi. Doris ta tara mu ta ce ana turo mutane su yi shigar masu saye, su ja ka da hira har ka faɗi lamba, alhali wayarsu tana ɗauka. Ta dube ni ta ce, "Kai ka fi kowa abin rasawa, ka kula."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina goge gilashin mota, na hango farar babbar riga tana ratso kasuwar. Na dakata da gogewa. Kawu ne, ya sha wanka, ya kafa hula, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. A bayansa abokan tuƙinsa biyu, dattawa, ya ɗauko su shaida. Fuskarsa tana walƙiya. Ya zo ne ya girmama ni a gaban mutane, ya nuna wa shugabata cewa yaronta yana kawo ciniki.

Ya zagaya motar a hankali, ya daddaɓa gabanta kamar mai duba tozon sa, ya leƙa ƙasa. Sannan ya ɗaga murya. "To ɗan dillali, nawa kuka ce?"

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Kawu, don Allah mu yi maganar a gida."

Ya juya wajen abokansa. "Kun ga kunyar da nake gaya muku?" Suka yi dariya. Kafin in ankara ya cafki hannuna na dama ya girgiza, ya danna min ninkakkun kuɗi a tafi ya rufe da nasa hannun. "Ga kafin alƙalami. Kada a sayar wa kowa wannan. Allah ya sa albarka, Allah ya sa ta alheri ce."

"Amin," in ji dattawan.

Kafin alƙalami shi ne ɗan abin da mai saye yake fara miƙawa don a san magana ta ƙullu. Kaina ya san doka sarai, amma hannuna na Kunci ne. A garinmu yaro ba ya ture hannun babba a gaban mutane, kuma mayar wa mutum kafin alƙalaminsa a nan take daidai yake da ce masa ba ka yarda da shi ba. Wannan kuwa mutumin da ya kwashe tayoyi ya ba ni wurin kwana ne, ga abokansa suna kallo. Yatsuna suka rufe. Na ji bakina ya ce, "Amin, Kawu." Niyyata in mayar masa a gida cikin sirri. Masu cewa da na saki kuɗin sun zube ƙasa, ba na musu da su. Su je su gwada da wanda ya ciyar da su.

Akwai wata mata da ta daɗe tana zagaya shagon da waya a hannu. Da na ɗago, sai na ga ta sa wayar a jaka ta fice.

Ba a yi mako ba aka nuna bidiyon a gaban kwamitin majalisa, daga nan sai talabijin ɗin garin. Ga fuskata tar, ga kuɗi suna shiga hannuna, ga musafaha. Kawu kuwa bayansa kawai ya fito, babbar riga da hula. Dillalai suka ce ga shaida, kamfanin yana ciniki a ɓoye yana taka doka. Aka dakatar da ni.

Lauyoyin kamfani suka kira ni wani ofis mai sanyi. Babbansu ya yi min magana a tausashe, ya ce akwai mafita. In kawo mutumin nan ya tsaya gaban kwamiti da sunansa da adireshinsa da katin shaidarsa, ya yi bayani cewa al'ada ce tsakanin 'yan uwa, ba ciniki ba. In an yi haka aikina yana nan, takarduna ma za a shigar kamar yadda aka yi alkawari. In ba haka ba, dole kamfani ya ce ma'aikaci ne ya yi gaban kansa, ya sallame ni.

"Kyamarar shagonmu ta ga fuskarsa," ya ce, "amma fuska ba suna ba ce. Wane ne shi?"

Na ce su ba ni lokaci.

Ba zan yi ƙaryar waliyyi ba, na auna. Kawu ba ya kallon talabijin, daga karatun Alƙur'ani sai labaran gida a wayarsa, don haka bai san abin da ke faruwa ba. Kullum da safe ina sa rigar aiki in fita in zauna a ɗakin karatu na gari. Na ce a raina ai shi ya tsufa, ya ci zamaninsa, ni kuwa yanzu na fara. Na ce wataƙila ba wanda zai bincike shi. Na tuna bayan Baba a sunkuye kan garma. Na san kuma in na buɗe baki na gaya wa Kawu, ko takalmi ba zai tsaya sawa ba, zai tafi gaban kwamitin. Wannan sanin shi ya fi damuna, domin ba sai na tilasta shi ba, faɗa kawai zan yi. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana kauce wa ofis, zan tura shi gaban kwamiti da 'yan jarida da lauyoyin dillalai, waɗanda aikinsu ke nan su tono wane ne shi. Na ji tsoro, na ji haushinsa, na ji haushin kaina da nake jin haushinsa.

Na kira lauyan na ce ban san sunan mutumin ba, ranar na fara ganinsa. Ya ce ya gane. Doris da kanta ta riƙe min kwalin kayana har bakin ƙofa. Ta ce, "Ban san dalilinka ba, amma na san akwai." Idonta ya yi ja. Ba ta da abin da za ta iya yi min, kuma ban riƙe ta a rai ba.

Na nemi aiki ko'ina. Duk wanda ya buga sunana a intanet, bidiyon yake fara gani. Lokacin da aka yanka min ya yi ta zaizayewa har ya ƙare. Na gaya wa Kawu an ba ni hutu zan je ganin gida, motarsa kuma sai na dawo. Kuɗinsa na zura su a aljihun rigarsa ta Juma'a. Shi ya kai ni filin jirgi a tsohuwar tasin, gilashi a buɗe saboda hayaƙi, yana ta lissafa min saƙo: daddawa, kuka mai kyau, da hula in an samu mai arha.

"Ɗakinka ba mai shiga," ya ce. "Ka gaida Malam, ka ce masa ya haifi ɗa."

Na ce to. Ban iya juyowa na dube shi ba.

Na iso gida damina ta yi nisa. Mutane suka cika zaure ana ta sannu da zuwa, kowa tambayarsa ɗaya: "Injiniya, yaushe za a koma?" Na sami Baba a gona washegari na ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Ya dogara da ƙotar fartanya yana saurare.

"Ka faɗi sunansa?"

"A'a, Baba."

"To," ya ce, ya sunkuya ya ci gaba da noma. Bai sake tayar da maganar ba, kuma bai taɓa ambaton shanu ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na kafa ɗan teburi a kasuwa ina gyaran wayoyi da fitilun sola. Kawu ya yi ta kira, na daina ɗauka, domin ban san ƙaryar da zan ƙara ba. Daga baya kiran ya tsaya. Abin da nake rarrashin kaina da shi shi ne, ko ba komai yana can lafiya a bakin sitiyarinsa.

Damina ta sake zagayowa ta wuce. Wata rana da kaka muna ɗaurin dawa a gonar bakin hanya, motar haya ta tsaya ta sauke wani tsoho. Ba hula a kansa, wata 'yar rigar sanyi ce a jikinsa, da jakar leda ɗaya a hannu. Sai da ya yi tari na gane shi.

Muka kai shi zaure, Inna ta aiko da fura. Ya sha kaɗan ya ajiye, ya ba mu labari ba tare da ya dube ni ba. Ɗaya daga cikin dattawan nan, abokan tuƙinsa, shi ya ci karo da bidiyon ya nuna masa. Ya sa rigar da ke cikin hoton, ya tafi ofishin kwamitin da ƙafarsa ya ce shi ne mai rigar. Ya gaya musu yaron bai faɗi farashi ba, bai nemi kuɗi ba, shi ya danna masa, kuma a garinsu yaro ba ya ture hannun babba. Suka rubuta sunansa, suka yi masa godiya. Ya ɗauka za a kira ni a mayar da ni aiki. Kamfanin ko amsa bai ba shi ba. Lauyoyin dillalai kuwa suka bi sunan. Aka fara da lasisin tasi, aka ƙare da jami'an shige da fice a ƙofar gida. Ya yi watanni a tsare kafin a sa shi a jirgi.

"Dokar fa?" na ce, don ban san me zan ce ba.

"An ce an ɗage maganar sai wata shekara."

A nan raina ya ɓaci, na manta a gaban Baba nake. "Kawu, me ya kai ka? Ai don kada haka ta faru na taho! Yanzu ni na rasa, kai ka rasa, wa ya ci riba?"

Sai lokacin ya dube ni. "Kai ka yanke wa kanka ba ka tambaye ni ba. Ni ma na yanke wa kaina." Ya juya wajen Baba. "Malam, na zo ne in gaya maka da bakina. Ɗanka bai ci amanar kowa ba. Ni na ja masa, da hannuna. Ka yafe min shanunka."

Baba ya ce ba komai, haka Allah ya rubuta. Ya ce a gyara wa baƙo ɗaki. Kawu ya ƙi, ya ce yana so ya isa garinsu da sauran rana. Ya ɗauki ledarsa muka fito bakin hanya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya daɗe a tsaye. Mutumin da ya san kowane lungu na birnin Turawa, wanda ba a taɓa nuna masa hanya ba.

"Sabi'u," ya ce a hankali, "ta ina ake bi yanzu?"

Na aro babur na goya shi. Ya riƙe ni ƙam, ina jin tarinsa a bayana. Muka wuce Shanono muka sauka daga kwalta. Duk mararrabar da muka zo sai in tambaye shi, shi kuma ya girgiza kai. Da tambaya muka isa. Inda ya ce filin ƙwallonsu yake, gidajen bulo ne da shagon caji. Ya sauka ya tare wata mata mai ɗauke da tulu, ya gaishe ta da ladabi, ya faɗi sunan mahaifinsa ya ce ina ne gidansa.

Ta maimaita sunan, ta yi tunani. "Gaskiya Baba ban san shi ba. Sai dai ko a tambayi tsofaffi."

Ta wuce. Na kashe babur ɗin. Muka tsaya a bakin hanya ni da shi, muna jiran wani tsoho ya zo wucewa.